Takalmi Mai Wuƙa a Ƙasa

A ƙauyenmu, can cikin fadamar Haɗeja, wutar banda ita ce wutar hira. Da sanyi ya shigo, ruwa ya fara ja da baya, kakarmu Iya takan zauna tun bayan magariba tana juya tarwaɗa a kan hayaƙi, mu jikoki mu kewaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don kan kifin da zai gutsuro. Turawa ba su tafi ba a lokacin. Ni maigida take kirana, don sunan kakana aka sa mini, ita kuwa ba ta faɗin sunan mijinta. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da aka gaya mana kawai shi ne ruwa ya ci shi.

Iya akwai baki. Tana ba ka labari tana tsokanarka, ta ce wai kunnuwana sun fi faifanta faɗi. Amma akwai labari guda da ba ta wasa a cikinsa, kuma sai ranar da sanyi ya fi tsanani take ɗauko shi. Da ta ce, "Ku matso, ta yau mai sanyi ce," sai babana ya miƙe ya ɗauki buta, ba ma sake ganinsa sai da safe.

Ta ce a wani gari an yi wani mai fito da matarsa. Lokacin babban yaƙi aka turo wani dogon Bature yana awon ruwa, mai fito ne ke yawo da shi a jirgi. Baturen yana jin Hausa, irin tasu mai karkata. A cikin kayansa akwai takalma biyu na fata, kowanne da wuƙa a ƙasansa. Ya ce a ƙasarsu in sanyi ya yi, kogi kan daskare ya zama ƙanƙara har doki ya bi ta kai. A nan samari ke ɗaura irin takalman su zame kamar tsuntsaye, da sanduna masu lanƙwasa, suna korar wata baƙar roba mai faɗin tafin hannu.

"Kai, Iya, ƙarya!" in ji mu.

"Ita ma matar haka ta ce," in ji Iya. "Yi shiru, maigida."

Wai da can ƙasashe kaɗan ne ke haɗuwa su kara. Sai abin ya girma, kowace ƙasa ta zaɓo gwanayenta, mutum shida su fuskanci shida, sarakuna da talakawa suna kallo cikin barguna. Da mutanen ƙasar Baturen suka shigo, sai suka riƙa cinyewa shekara bayan shekara, shi ma yana cikin waɗanda aka taɓa zaɓa. Yaƙi ya zo ya tsayar da wasan. Waɗanda suka yi karo da sanda suka koma karo da bindiga. Wasiƙa takan zo masa da labarin mutuwar wani cikin su shidan, ya karanta, ya nuna wa mai fito yatsu: saura huɗu, saura uku. Ranar da ya nuna yatsa ɗaya, kansa yake nufi.

Bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi a zauren mai fito. Kukunsa ya tafi Haɗeja neman likita, tafiyar kwana biyu saboda ruwa ya yanke hanya. Baturen ya fara sambatu, yana kiran abokansa, yana cewa an taru, shi kaɗai ake jira, a ba shi takalmansa. Mai fito ya san ruwa, ya kuma san zazzaɓi. Ya kwashe takalman ya cusa cikin rumbu, ya ce wa matar, "Ko kuka zai yi, kada ki ba shi."

A nan muryar Iya ke sauka. Ta ce, "To ku kun san al'adarmu. Marar lafiya in ransa ya biya wani abu, ba a hana shi, kada ya tafi da shi a zuci. Kuma baƙo ne, yana kuka kamar yaro, ga shi babu uwa babu dangi. Matar nan ba mugunta ta yi ba, wallahi ba mugunta ba ce." Takan faɗi haka sau biyu, ko da yake babu wanda ya musa mata. Matar ta ciro takalman, ta goge su, ta shafa musu man gyaɗa, ta jera su a bakin zaure yadda ake jera wa baƙo nasa, don in ya buɗe ido ya gan su ya ji sanyi.

Da asuba ruwan ya kwanta lif, farin tururi ya lulluɓe shi, ko gaɓar can ba a gani. Baturen ya ɗaure takalmansa tamau, ya dafa bango, ya gangara mafita a bakin kogi, inda gurbin ya fi zurfi. Matar na ɗibar ruwa ta gan shi. Ta ce fuskarsa cike da murna, har ya ɗaga hannu kamar mai gaida jama'a, sannan ya taka. Ta ƙwala ihu, mai fito ya katse alwala ya faɗa ruwa. Baturen ƙato ne, ya ƙanƙame shi, ga ƙarfe a ƙafa. Sai da hantsi masunta suka ciro su tare. A hannun mai fito akwai takalmi guda, ya samu ya yanke igiyarsa, bai kai ga na biyun ba.

Iya ta ce har yau, in sanyi ya kai maƙura, mai sammako kan ji ƙarar ƙarfe tana zamewa a kan ruwa, ƙiii, ta je ta dawo. Tsigar jikinmu takan tashi. Na taɓa tambayarta ina takalmin yake. Ta ce, "Kai dai ci kifinka." Sauran labaranta tana rufe su da dariya, wannan kuwa sai dai ta tura itace cikin wuta.

Muka girma muna ɗauka darasin shi ne mace ta ji maganar mijinta, ko kuma yara su guji gurbi. Ina da 'ya'ya uku lokacin da Iya ta rasu. Da aka buɗe adakarta don rabon kaya, can ƙasa, cikin tsohon zane, sai ga takalmin fata guda da wuƙa a ƙasansa, igiyarsa a yanke. Babana ya kalle shi, ya fita waje. Ni kuwa na zauna a gaban adakar. Na yi kuka, na kuma ji kunya, domin shekara da shekaru tsohuwar nan tana gaya mana abin da ke cin ranta, mu muna jiran kan kifi.

Daga baya na ga wasan da idona a talabijin, ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ƙasa da ƙasa, ashe ya dawo bayan yaƙin. Duk yadda ta faɗa haka yake, har ƙarar. Na kasa kallo. Yanzu na gane ba mu take koya wa komai ba. Tana so ne wani, ko da yaro ne, ya ce mata matar nan ba ta da laifi, kuma ni da take kira maigida ni ta fi kallo in ta zo wurin. Ban taɓa faɗa ba.

Takalmin yana wurina. Ranar da na ɗauke shi, babu tsatsa ko ɗigo a wuƙar, kuma man gyaɗan da ke jikin fatar bai gama bushewa ba.