Ƙasar Sawu a Rufin Ɗakin Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Rufa'a, ni da babbar 'yata, muka nufi ƙauyenmu da ke kusa da Abu Na'ama. Ga waɗanda ba su san dalili ba, yarinyar ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'a biyu. Ɗaya a Madani, nan kusa, inda zan iya kai mata miya ba ta huce ba. Ɗayar kuwa a Sakkwato, can Nijeriya, garin da muke kira gida alhali tun kakana babu wanda ya sake taka shi a zuriyarmu. Kafin Juma'a ake son amsa. Ita ranta yana Sakkwato, ni kuma raina yana ga 'yata. Gaskiyar magana ba zumunci ya fitar da ni ba. Na shirya tafiyar ne domin Inna, mahaifiyata, ta hana da bakinta, ni in huta da zama mugun uba.

Muka haye kogi zuwa Hasahisa, muka kama hanyar kudu. Ƙarshen damina ne, gonakin Jazira sun yi kore shar, magudanan ruwa sun cika maƙil, dawa ta fara ƙunshe kai. Yaron mota ya ce jine biyu, wato fam biyu, aka ƙara a kuɗin kujera saboda tsadar mai. Na tsaya ciniki kamar yadda nake yi a shagona na kayan injin ban ruwa, sai da wata tsohuwa ta ce in biya mu tafi, rana na yi.

Da muka shiga Madani na fara wa'azi. Na nuna mata faɗin tituna, da inuwar itatuwa, da 'yan mata masu littattafai suna tsallaka hanya cikin nishaɗi. Har wake na yaba, na ce ful ɗin da muka karya da shi a tasha babu irinsa a duniya, ko da yake man riɗin da aka zuba masa bai kai a shafa a ido ba. Ta saurara, ta ce "Tamam, Baba," ta ci gaba da kallon taga. Wannan tamam ɗin na san shi, na uwarta ne, ma'anarsa an ji amma ba a ɗauka ba.

Bayan Sinnar muka wuce Mai Wurno, inda Hausa ke tashi ta kowace kusurwa. Ina kallonta tana kasa kunne ga masu tallar gyaɗa, tana motsa leɓe tana maimaita abin da suka faɗa. Hausarta gurguwa ce, kowace jimla sai ta jingina da Larabci, kuma wannan na cikin hujjojin da na tanada. A Sinja muka sauka muka ci agashe, gasasshen naman nan mai yaji, da zafinsa a bakin kasuwa, na saya wa Inna sukari da gahawa da damin ayaba, don ayabar Sinja araha gare ta kamar a ce ɗauka kawai. Daga nan sai bayan a-kori-kura. Baƙar lakar yankin nan ba ta da mutunci. Sau biyu muka sauka muka tura, takalmina guda ya kusa zama sadaka.

La'asar sakaliya muka isa. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta na ciyawa, wanda shekara da shekaru nake roƙo ta bari in rushe in gina mata na jan bulo, tana cewa matafiyi ba ya gini. Haka tsofaffinmu suke. Iyayensu sun baro yamma da niyyar hajji su koma, har yau a ganinsu zango aka yada. Ta rungume jikarta, ta ce ƙawarta ta rame, ni kuwa ta dube ni ta ce na yi tumbi.

Bayan an ci tuwo na jera mata bayani yadda na tsara a mota: nisa, kuɗin jirgi, yarinya mace ita kaɗai, ga harshe bai zauna ba. Inna ta juya ga yarinyar ta tambaye ta abin da take so. Ita kuma, rabi da Hausa rabi da Larabci, ta ce karatun duka biyu masu kyau ne, amma tana so ta zauna inda ba za a tambaye ta daga ina asalinta yake ba, ko sau ɗaya a rayuwarta. Ta ƙara da cewa in Baba bai yarda ba, Madani ma alheri ce. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo.

Inna ta ce in miƙe in ciro mata wani ƙulli a rufin ɗaki. Tun ina yaro nake ganin ƙananan ƙulle-ƙullen tsumma a soke cikin ciyawar nan, na ɗauka irin kuɓewa ne ko maganin sanyi. Ta kwance wanda na miƙo, sai ga baƙar ƙasa busasshiya, ba ta fi cikin cokali ba.

"Sawunka ne," in ji ta. "Ranar da ka tafi Rufa'a da jakar buhu, na bi bayanka na ɗebe inda ƙafarka ta dama ta taka. Ba magani ba ne, kada ka kai ni gun malamai. Ni dai in na ɗaga kai na gan shi, sai in yi maka addu'a."

Ta ce a wurin maƙwabtanmu Larabawa ta koyi al'adar. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Mahaifinta da dare ya sulale ya baro Sakkwato, domin uwarsa ta hana shi tafiya. Ya yi hajjinsa, ya samu guzurin komawa har sau biyu, amma kunyar fuskar uwar ta hana shi, har labarin rasuwarta ya iske shi a gonar auduga.

"Wanda aka hana, in ya tafi ba ya dawowa," ta ce. "In ya zauna kuma, rabinsa ka riƙe. Ni na sallame ka, ga ka nan kana zo mini da ayaba. Sallami ɗiyarka."

Na zo neman mai taya ni faɗa, aka kama ni da hannu cikin ƙasa. Na fita waje kamar zan duba awaki, alhali Inna ba ta da akuya ko ɗaya.

Da safe muka yi sallama. Yarinyar ta tsaya a ƙofar gida tana jira kakarta ta ɗebi sawunta, amma Inna ta ƙi. Ta yage gefen tsohon mayafinta, ta danƙa mini a hannu, ta ce wannan aikin mai gida ne, ita ta yi nata.

A hanyar dawowa ban yabi Madani ba. Da motar ta tsaya a tashar garin, ni da kaina na ce ta kawo takardar Sakkwato in sake karantawa, na tambaye ta ranar da ake buɗe makaranta. Ta dube ni, ta kifa kai a kafaɗata kamar lokacin da take 'yar shekara biyar, ba ta ɗaga ba har Hasahisa.

Mun iso Rufa'a ana kiran magariba, uwarta ta tarbe mu a zaure, ta dubi fuskata kawai ta gane wanda aka kayar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara ashirin da wani abu ina taƙama ni na fita nema da ƙarfin zuciyata, ashe wata ce ta danne tata ta bar ni na tafi. Mun aika wa Sakkwato amsa ranar Laraba. Ɗakina na siminti ne, babu ciyawar da zan soke ƙulli, don haka na buga ƙusar da zan rataye shi a saman ƙofar shago. Tsumman Inna yana aljihuna, kuma na hana a share ƙofar gida ranar da za ta tashi.