Ƙasan Takalmin Kibiya

Yaushe rabonka da ka kifa takalminka ka dubi ƙasansa? Ni dai sai da na shekara talatin da huɗu a duniya kafin in yi haka, alhali kuwa ƙanin mahaifiyata aikinsa ke nan tun ban yi wayo ba.

Kawu mai gyaran takalma ne a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, inda ni ma nake aikin rubuta ƙididdigar wasanni. Shekarunsa sittin da ɗaya, ashirin da bakwai daga ciki a ƙungiyar ya yi su. Bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya. Da fari a bakin kasuwa yake zama da akwatinsa. Wata rana ya je kallo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, sai takalmin gola ya buɗe baki ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Kawu ya tsallako waya, ya zaro basilla da zare, ya ɗinke shi cikin minti tara. Tun daga ranar bai koma kasuwa ba.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin matattakalar 'yan kallo, taku huɗu a tsawo, uku a faɗi. Benci ɗaya, guduma biyu, gwangwanin gam, magagari, sai katakai jere a bango. 'Yan wasa ashirin da takwas gare mu, kowa da takalmi ƙafa biyu-biyu na wasa da na atisaye, wato takalma ɗari da goma sha biyu. Kowanne yana da 'yan haƙoran nan goma sha biyu a ƙasa masu kama ciyawa. Haƙora dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da huɗu ke nan, kuma Kawu sai ya shafa kowanne da babban yatsansa bayan kowane atisaye. Ko a ranar wasa ba ya bin ƙwallo da ido. Ƙafafu kawai yake kallo.

A farkon kakar bana aka kawo mana sabon koci, mutum mai zafin nama, kullum da kwamfuta a hammata. A makonsa na farko ya leƙa ɗakin Kawu, ya toshe hanci saboda warin gam.

"Baba, me ake yi a nan?"

"Gyaran takalma, ranka ya daɗe."

"Ai yanzu kamfani ke kawo mana. Wanda ya yage a yar, a ɗauki sabo. Ɗakin nan kayan motsa jiki za mu zuba. Ka ƙarasa kakar nan, sai a sallame ka cikin mutunci."

Kawu ya ce to. Ya ci gaba da shafa haƙora kamar ba da shi ake ba. Amma ni na ga ranar sau uku basilla tana soke masa yatsa, abin da ban taɓa gani ba.

Kaka ta yi mana kyau. Ƙungiyoyi ashirin ne a gasar, wasa talatin da takwas. Bayan wasa na ashirin da ɗaya muna saman tebur da maki arba'in da huɗu. Abokan hamayyarmu na fil azal, Masu Jar Riga, suna biye da arba'in da biyu. Ɗan wasanmu na gaba, wanda 'yan kallo ke kira Kibiya, ya ci ƙwallo goma sha huɗu. Sai dai wasa uku a jere ke nan bai ga raga ba, kowa na cewa sa'a ce ta ɗan juya masa baya.

Ranar wata Talata Kawu ya kira ni ya miƙo mini takalmin Kibiya na hagu a kife.

"Kai da kake son ƙirge, ƙirga mini. Nawa suka cinye?"

"Uku, Kawu. Na gefen waje."

"Na gefen ciki fa?"

"Sababbi fil."

"Yaron nan da dama yake bugu, da hagu yake dogarawa. Shekara uku ina riƙe da takalminsa, duka sha biyun tare suke cinyewa. Yanzu a karkace yake takawa. Akwai abin da yake gudu a cikin ƙafar nan."

Da Kibiya ya zo karɓar takalminsa, Kawu ya tura ƙofa.

"Ɗana, tun yaushe take maka ciwo?"

"Wa? Ni? Baba, ƙalau nake. Ko in yi maka tsalle?"

"Yi da hagu."

Kibiya ya tsaya yana kallon gwangwanin gam. Can ya rage murya. "Baba, ka rufa mini asiri. Wasa goma sha bakwai suka rage. In na zauna a benci, Zomo zai gaje mini wuri, ka san yaron nan ba ya jiran a ce masa bismilla. In an ɗau kofi sai in je asibiti."

"Ƙafar ba za ta kai ka ƙarshen kaka ba."

"Kai likita ne? Ka ɗinka abin da aka ba ka kawai."

Da yamma na raka Kawu gida. Ya zauna a tsakar gida ya kasa cin abinci. Matarsa, Inna, ta ji labarin tana ninke wanki, ta watso masa harara.

"To Malam, shirun me kake yi? Tsoron kora? Ai an riga an kore ka, ranar ce kawai ba ta zo ba. Da a ce ɗan cikinka ne, sai ka bar shi ya karye a gaban mutum dubu ashirin?"

"Kocin nan ba ya jin maganar kowa sai ta kwamfutarsa."

"Sai ka je ka faɗa wa kwamfutar."

Washegari da hantsi, bayan atisaye, Kawu ya shiga ɗakin canza kaya da takalmin a hannu. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa shiga ba sai an kira shi. Ya faɗi abin da ya gani a gaban kowa. Kibiya ya sha mur. Koci ya buɗe kwamfuta.

"Baba, ga shi nan. Kilomita goma ya yi ranar Asabar, daidai da kullum."

"Ita nisan take ƙirgawa, ranka ya daɗe. Ba ta gaya maka yadda ya taka ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Kyaftin, wanda ya shekara tara Kawu na ɗinka masa takalmi, ya miƙe.

"Koci, a gwada shi mana. Duk takalmanmu kamfani ɗaya, launi ɗaya. A kifa su a ƙasa, lambar na ciki ba ya gani. In ya faɗi mai kowanne, a kai Kibiya asibiti a ɗauki hoton ƙafar."

"In ya kasa fa?"

"In na kasa ko ɗaya," in ji Kawu, "yau zan kwashe kayana, ba sai ƙarshen kaka ba."

Aka fitar da shi waje, aka jera takalma ashirin a kife. Ni aka ba alƙalami. Kawu ya dawo ya tsuguna, ya fara bi da yatsa.

"Wannan na gola ne, kullum a kan yatsu yake tsaye. Wannan na Kyaftin, yana jan diddige in ya gaji. Wannan na Zomo, gudu kawai, ba ya taka birki. Wannan na lamba biyar, da shi yake taka ƙafafun 'ya'yan mutane, Allah ya shirya."

Kowanne ya faɗa sai ihu. Goma. Goma sha biyar. Goma sha tara, babu kuskure. A na ashirin ya daɗe yana juyawa.

"Wannan ba na ɗan wasa ba ne. Mai shi ba ya gudu. Wuri ɗaya yake tsayawa yana buga diddigen dama a ƙasa. Ga kuma bakinsa ya lotse, da alama gorar ruwa yake shuri in ransa ya ɓaci."

Gola ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki don dariya. Takalmin Koci ne, shi da kansa ya cusa shi cikin layi. Koci ya cire hula, ya mayar, ya dubi likitan ƙungiya.

"A kai shi hoto. Yanzu."

Hoton ƙashi ya nuna tsagewa siririya kamar gashi a tsakiyar ƙafar hagu. Likita ya ce da ya ƙara wasa biyu ko uku da ta karye ɓaras, sai dai a yi maganar shekara. Yanzu mako shida ne.

Kada ka zaci an yi wa Kawu tafi. A wasa shidan da Kibiya bai buga ba, mun ci biyu, mun yi kunnen doki biyu, an doke mu biyu. Muka gangaro na uku da maki hamsin da biyu. Masu Jar Riga suka haye sama da hamsin da shida, 'Yan Ƙetaren Gada suka shiga tsakani. Magoya baya suka ji labari, wani ya rubuta "Bokan Takalmi" da gawayi a ƙofar Kawu. Kibiya in ya zo gashin ƙafa sai ya wuce ta gaban ɗakin da sandarsa ko kallo babu. Koci bai sake tada maganar ɗakin ba, amma kwalayen kayan motsa jiki guda bakwai suka iso, aka jibge su a bakin ƙofa, kullum sai Kawu ya raɓa ta gefe kafin ya shiga.

Kawu bai goge rubutun ba. Ya samo fata mai laushi, ya yi kwana huɗu yana kankare ta da reza yana kai wa likita yana dubawa, har ta zama shimfiɗar da za ta zauna daidai cikin takalmin hagu. Ranar da Kibiya zai dawo atisaye, sai muka tarar da takalmansa ajiye a kan kwali na sama, babu ko sallama. Kawu ya saka shimfiɗar, ya mayar da su inda ya same su.

Daga nan sai wuta. Wasa goma: mun ci takwas, kunnen doki biyu, Kibiya ya zura tara. Muka iso wasan ƙarshe da maki saba'in da takwas, Masu Jar Riga da saba'in da tara, kuma su za mu karɓa a gida. Su canjaras ya ishe su. Mu sai nasara.

Ranar wasan da asuba aka tafka ruwa, fili ya yi laushi. Kafin azahar Kawu ya kwance haƙora ɗari huɗu da talatin da biyu ya ɗaura dogaye, na mutum goma sha takwas. Ƙarfe huɗu aka take wasa. Minti ashirin da uku suka ci mu daga bugun kwana. Filin ya yi shiru har kana jin muryar kocinsu. Namu ya shuri gorar ruwa, gola ya juyo daga raga ya nuna masa yatsa. Minti sittin da ɗaya Kyaftin ya rama da ka. Daga nan suka koma baya su goma sha ɗaya, suna faɗuwa suna birgima, suna cin lokaci.

Minti tamanin da bakwai Zomo, wanda ya shigo canji, ya tsere ta gefen dama ya yanko ƙwallo ƙasa-ƙasa. Ɗan bayansu ya zame a laka. Kibiya ya kafa ƙafar hagu, duk tafinta, ya ɗora mata nauyinsa gaba ɗaya, ya saki dama. Golansu bai ko motsa ba.

Alƙalamina ya faɗi ban san inda ya shiga ba. Kibiya bai yi wajen 'yan kallo ba. Ya zare takalmin hagu, ya ɗaga sama, ya sheƙa da safa cikin laka zuwa bakin hanyar da Kawu ke tsayawa. Ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Bakina ne."

Mutum dubu ashirin na ihu, Kawu kuwa ya kifa takalmin, ya share laka da gefen rigarsa, ya bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sha biyu, duk daidai. Ka warke. Maza koma, saura minti uku, kada ka ja mana kati."

Biyu da ɗaya aka tashi. Maki tamanin da ɗaya, su saba'in da tara. Kofinmu na farko cikin shekara goma sha shida.

Ranar Litinin da safe na raka Kawu da buhu biyu don kwashe kaya, tunda ba wanda ya ce masa an fasa. Muka tarar babu kwali ko ɗaya a bakin ƙofa. Koci na zaune a kan bencin, likita na tsaye.

"Baba, ina za ka da buhu? Daga yau duk Alhamis likita zai zo ya zauna nan ka gaya masa abin da takalma suka ce. An sa hannu, shekara uku." Sai ya zaro takalminsa daga leda. "Ga wannan kuma, diddigen ya cinye."

"Ai ranka ya daɗe, wanda ya yage a yar ake yi."

"Baba, ka bari mana."

Rubutun gawayin yana nan har yau. Kyaftin ya sa an bi shi da fenti, wai kada ruwa ya wanke.

Ni ma na kifa nawa a ranar. Diddigen hagu ya fi na dama cinyewa da kaurin yatsa guda, kuma shekara biyu ke nan ina kukan ciwon ƙugu ban san dalili ba. Don Allah kai ma ka gwada yau. Ka ɗauko takalmin da ka fi sawa, ka kifa ƙafa biyun a jere inda haske yake, ka bi su da babban yatsa daga diddige zuwa baki. In ka ga ɗaya ya karkace ya bar ɗan'uwansa, ka sa su a leda ka tafi da su wajen likita.