Gwiwar da Alhaji Ya Sallama

Ranar wata Juma'a Alhaji ya sayar da ni, a ƙofar masallacin unguwarmu Sabo, ni kuwa ina gida ina gasa gwiwata ta hagu da ruwan zafi. Shi ne shugaban kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa, babban dillalin shanu, shi ke saya mana riguna da takalma, shi ke biyan motar zuwa wasa. Wani mai kulob daga Legas ya ga wasana ya yaba, suka yi magana, Alhaji ya ce ya sallama. A Sabo kuwa mutum irinsa in ya ce ya sallama, to magana ta ƙare. Sharaɗin kawai, mutumin zai dawo ranar Lahadi ya ƙara ganina a fili.

Kocinmu ya san abin da ke cikin gwiwar nan. Siririn mutum ne mai zuciya, shi ya raine ni tun ina buga ƙwallo ba takalmi, shi kuma ya ɗauke ni a okada zuwa wurin likita a Mokola, a gabansa aka ce in huta sai bayan damina. Da labari ya iske shi, ya ja ni har zauren Alhaji, inda 'yan kwamiti ke zaune suna cin goro.

"Alhaji, yaron nan ba zai buga ba," in ji Koci.

"Na riga na ba da baki."

"Ba wanda ya tambaye ni."

"Gudu na ɗauke ka ka koya musu, malam, ba ciniki ba."

"Ko sa za ka sayar, ai kana faɗin aibinsa."

Alhaji ba ya ɗaga murya, abin da ke ba ni tsoro da shi ke nan. Murmushi ya yi, ya tambayi Koci lafiyar iyali, ya tambaya ko ɗakin da ya ba su a gidansa na baya yana yoyo. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai, ɗana, yaya ƙafar?"

To me zan ce? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin wanda dattijo ya yi wa ya jiki ya ce da tsanani ba. Na durƙusa, gwiwar na sukata kamar an sa allura, na ce, "Da sauƙi, Baba."

"Kun ji dai," in ji Alhaji. Koci ya dube ni. Wallahi har yau in na tuna kallon nan raina ɓaci yake, ban san ko da wa nake fushi ba.

Ranar Lahadi hadari ya haɗu tun hantsi, ya ƙi zuba. Muka iske ƙanin matar Alhaji zaune a bencin Koci da usur a wuya, mutumin da ko dokar satar gida bai sani ba. Ba wanda ya ce wa Koci an kore shi, wuri kawai aka hana shi. Ya tsuguna a gabana, ya ɗaure mini gwiwar da hannunsa, tam.

"Kada ka juya a kan hagu," ya ce. "In ka ji ta motsa ka zauna, ko uban wa ke kallo."

Ya fita ya tsaya bayan wayar da ta kewaye filin, cikin masu sayar da gyaɗa.

Na kiyaye har aka tafi hutu. Da aka dawo, ƙwallo ta zo mini a baya, ɗan wasan abokan karawarmu na bisa kaina, mutumin Legas ya miƙe tsaye yana kallo. Na juya a kan hagun. Ni kaɗai na ji ƙarar da gwiwar ta yi. Kafin a ɗauke ni daga ƙasa mutumin Legas ya kai bakin motarsa.

Yanzu wayar salula nake gyarawa a bakin titi. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, don haka a kan kujera nake salla, a gefen sahu tare da tsofaffi. Sau da yawa kujerar Alhaji ce kusa da tawa.