Bijimin da Ya Mutu Kusa da Furana

A shekarun da na yi ina jan tirela, babu irin kayan da ban ɗauka ba. Na ɗauki rake daga Makarfi, na ɗauki ɗanyun fatu, na ɗauki tumatirin Ikara da ya ruɓe mini a hanya har ruwansa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Direban dogon zango ba ya zaɓen wari. Inda ka shimfiɗa tabarma a tasha za ka ci abinci, nan wani ya tsuguna jiya a bayan taya. Ruwan da za ka yi alwala da shi ma sai ka kau da kai. Duk wannan na saba. Amma akwai wani lodin shanu da har yau in na tuna shi sai warinsa ya dawo mini a hanci.

Lokacin bazara ne, ana tsananin zafi. Mun ɗauko shanun daga wata kasuwa can arewa za mu kai su kudu. Mu biyu ke karɓa-karɓar sitiyari, ni da abokin tuƙina, wani dattijo Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe da zama a Ikara, yana noma in ya sauka daga mota. Kawu nake ce masa. Mai shanun kuwa wani falke ne da kowa ke kira Alhaji, fari tas da shi, kullum cikin ƙamshin turare. Yana zaune tare da mu a gaba, masu rakiyar shanun suna can sama a kan katako.

Tun wajen lodi Kawu ya yi magana.

"Alhaji, shanun nan sun yi yawa. Ko juyawa ba sa iya yi."

"Ai ba rawa za su je yi ba," in ji Alhaji. "Ku dai ku ja mota."

Mun wuce Ikara da hantsi, muna daf da Furana, sai lagireto ya fashe. Tururi ya turnuƙe gaban mota. Na samu na gangara gefen titi kusa da wata gona, muka buga wa bakanike waya. Ya ce yana tafe. Wanda ya san bakanike ya san ma'anar yana tafe.

Muka zauna a inuwar mota rana na dukan ƙarfe. Fitsari da kashin shanu suna tsiyayowa ta jikin bodi, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Shanun tun suna kuka har suka koma huci. Wani tsoho mai gonar, yana gyaran ta kafin saukar damina, ya zo muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya koma gida ya kawo mana ruwa a tulu.

Bayan azahar ne ɗaya daga cikin masu rakiyar ya leƙo daga sama ya ce akwai bijimin da ya faɗi. Ka'idar aikinsu ita ce, in dabba ta galabaita, a yi maza a sa mata wuƙa tun da ranta. Shi ya sa kowannensu ke yawo da wuƙa a kugu. To wannan ba wanda ya lura da shi, yana can ƙurya 'yan'uwansa sun tattake shi. Da aka ja shi da igiya aka sauko da shi, ƙafafunsa sun sanƙare, cikinsa ya kumbura kamar ganga, harshe a waje, ido ya yi fari. Wani koren ruwa na fita ta hancinsa. Ko yaro ya gani ya san ya daɗe da mutuwa.

Tsohon nan ya yi salati, ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Akwai kwazazzabo a bayan gonata, bari in kira 'ya'yana mu ja shi can mu rufe."

Alhaji bai ko dube shi ba. Ya karɓi wuƙa a hannun mai rakiya, ya naɗe hannun rigarsa, ya sa aka juya mushen ya fuskanci gabas. Da kunnena na ji ya yi bisimilla. Ya yanka wuyan. Jini bai yi tsartuwa ba, wani baƙin abu ne mai kauri ya dalalo a hankali, warin ya bugo mu har inda muke. Sai ya ɗebi ruwan tulun da tsoho ya kawo mana na sha, ya zuba a wurin yankan yana cuɗawa da hannu don ya yi kama da jini ya zuba.

Na ce, "Alhaji, wannan fa mushe ne."

"Ka ga fitar ransa?"

"Ban gani ba, amma ina da hanci."

"To ka yi tuƙinka, ka bar wa masu dabba sanin dabba."

Kawu ya tofar da yawu, ya ce, "Alhaji, ni ba addininmu ɗaya ba, amma ko a garinmu kare muke bar wa irin wannan." Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya koma gefe yana waya.

Ba a jima ba sai ga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya, wani mahauci ya fito, rigarsa duk maiƙo. Na tare shi tun kafin ya ƙarasa, don a zatona bai sani ba. Na ce masa, "Malam, kada a rufe ka. Dabbar nan ta mutu kafin a yanka ta."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Direba, in da mai rai ce ai ba ni za a kira ba."

A nan gefen titi suka feɗe shi. Da wuƙa ta shiga cikin, iskar da ta fito sai da ta kore mu zuwa ƙetaren kwalta. Naman ya yi duhu, wani wurin har ya fara kore. Mahaucin yana yanke inda ya fi lalacewa yana jefarwa cikin gonar tsoho, yana cewa saura in ya sha yaji da ƙuli ba mai ganewa. Tsohon ya tsaya yana kallo, can ya ɗauki tulunsa, ya juye sauran ruwan a ƙasa, ya tafi ko sallama bai yi mana ba. Na ji kunyar tafiyar nan tasa kamar ni na riƙe wuƙar.

Sai la'asar bakanike ya iso ya liƙe lagireton. Muka bi ta Makarfi muka hau babban titi, muka tsaya a wata tasha a ƙasar Kudan inda direbobi ke cin abinci. Masu tsire sun jera tukubarsu, hayaƙi na tashi, mutane sun kewaye, har da wata mata da ke saya wa 'yarta. Ban san inda mahaucin nan ya kai namansa ba, mai yiwuwa ba nan ba ne. Amma ina shaƙar ƙamshin sai na zaga bayan mota na yi ta amai.

Da na dawo, na tarar mai tsire yana yi wa Alhaji tayi. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ni ba na cin naman hanya. Ba ka san abin da ake sayar wa mutane ba." Ya aika aka kawo masa shayi da burodi.

Kawu ya dube ni, na dube shi. Daga nan har kudu, in Alhaji ya yi magana sai Kawu ya ƙara muryar rediyo.

Da muka dawo, mun gaya wa mai motar cewa in lodin mutumin nan ne ya nemi wasu direbobin. Ya yi ta faɗa, daga baya ya mayar da mu ɗaukar masara. Alhaji kuwa bai rasa mota ba, washegari ma aka ce wani ya ɗauke shi. Ni dai na daɗe ina yawo da garin rogo da ƙuli a bayan kujera. A gida kuwa, can garinmu Malikanci, maiɗakina ta gaji da tambayar da nake yi mata duk ranar da ta sa nama a miya, har ta koma sayen kaza da ranta tana miƙo mini wuƙa in yanka da kaina.