Cikin Rabi 'Yar Barmou

Har gobe ba zan manta da ranar da na kusa kashe ɗan mutane da bakina ba. Lokacin wata huɗu ke nan da kama aikina a matarniti, wato asibitin haihuwa, ta Tahoua, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Mataimakiya ce ni a ƙarƙashin Madam Hadiza, babbar ungozomarmu mai takardar lakkal, wato makarantar boko.

Ran kasuwa wata mata mai suna Rabi ta zo daga Barmou, wata uku ba ta ga al'ada ba. Madam tana ɗakin haihuwa, ni kuwa ga rawar kai. Na ɗauki ƙahon katakon da muke sauraren ciki da shi, na kafa a mararta. Shiru. Na ce mata, "Babu zuciya, cikin ya lalace."

Ta ɗaura zane ta fita. A ƙauyukanmu kuwa in ciki ya lalace, saiwa ake jiƙa wa mace ta sha ya fita.

Da Madam ta fito na ba ta labari, har ina jin kaina. Wayyo, kallon da ta yi mini!

"Ke Zinatu, wa ya ce miki ƙaho na jin cikin wata uku? Sai wata biyar!" Ta ɗauko guntun tiyon roba. "Haka zuciya take farawa, 'yar bututu. Sati uku da shigar ciki ta soma bugawa, uwar ma ba ta sani ba. Sannan ta lanƙwashe haka, bango ya raba ta, kafin wata biyu ta zama ɗaki huɗu. Tashi ki nemo matar nan!"

Na ruga kasuwa ko takalmi babu. Na same ta gaban mai magani, saiwar na ƙulle a bakin zanenta.

"Yaya Rabi, don Allah kar ki sha. Kuskure na yi, Madam ta ce ƙaho ba ya jin cikin wata uku."

"Ɗazu kin ce babu, yanzu kin ce akwai. Wanne zan kama?"

"Kama na Madam, ta fi ni sani."

Bayan wata biyu Rabi ta dawo. Madam ta miƙo mini ƙahon. Na kafa kunne, sai ga bugu fat-fat-fat da sauri. Na fashe da kuka, Rabi na yi mini dariya.

Madam ba ta taɓa kai ƙarata gaba ba, Allah ya jiƙanta, ina gode mata har yau. Ku masu tasowa, a aikin nan mutanenmu maganarku suke sha kamar magani. Abin da ba ku sani ba, ku ce a jira a tambayo babba.