Gwangwanin Man Shanu a Gaban Mufattish

Har yau ban manta da ranar da mufattish ya shigo ajina ba, a wata sakandaren 'yan mata kusa da garin Rufa'a, cikin shekarun casa'in. Mufattish shi ne jami'in da kan zauna a bayan aji ya auna malami. Rahotonsa ne ke sa a bar mutum a wurinsa ko a ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. An kai ƙarata cewa ina cinye lokacin kimiyya wajen koyar da Girkanci.

Ƙarar ba ƙarya ba ce. Fadan da ya koyar da ni a makarantar mishan yakan bugi tebur idan ɗalibi ya faɗi kalmar da bai san asalinta ba, ni ma a haka na tashi. Ban yarda yarinya ta haddace sunayen sinadarai irin su mitan, itan, buroban, biyutan kamar waƙa ba.

Darasin ranar a kan biyutan ne. Na zo da gwangwanin man shanu da na ajiye makonni har ya lalace, domin daga tsamin da ke cikin irinsa sunan ya samo asali. Nazir, wato shugaban makaranta, ya tare ni a ƙofa.

"Ustaz, don Allah, yau kaɗai, ka bar gwangwanin nan a waje."

Na ce abin da na shirya shi zan koyar.

Ina buɗe murfi, mufattish ya toshe hanci da bakin rawaninsa. Ya nuna wata ɗaliba mai suna Hawwa. "Ke, tashi. Mene ne biyutan?"

Ta zana karbon huɗu da haidurojin goma a allo, sannan ta juyo. "Daga buturon sunan ya fito, ya ustaz, wato man shanu da Girkanci. Har butagaz, gas ɗin da ake girki da shi a gidanku, man shanu ne kakansa."

Mufattish ya ce, "Wallahi? Shekara goma ina ɗaukar tukunyar nan a kafaɗa, ba wanda ya gaya mini!"

Aji ya fashe da dariya. Ya ƙara gwada ɗalibai huɗu, kowacce ta kawo tsarin sinadari da tushen sunansa. Ya rubuta cewa a bar ni inda nake, kuma a can na yi ritaya.

Ku da kuke koyarwa yanzu, ku sani ɗalibi ba ya mance sunan da ya san inda aka haife shi. Amma kada murna ta sa ku sassauta. Hawwa, maki tara cikin goma na ba ta, domin layin karbon ɗinta ya karkace.