Guntun Yaya Hamidu da Ba Mu Binne Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Hamidu makwancinsa a Badaguishiri, kuma sai bana na iya buɗe baki in faɗi cewa ba dukansa muka binne ba.

Hamidu mai lambu ne, albasa da tumatir, mutum mai gardamar tsiya wanda ko gishiri ka ce da ɗanɗano sai ya lasa. Ni ne ƙanensa da aka sa lakwal, wato makarantar boko, na zama malamin makaranta a Konni, shi ya sa 'yan gidan suke ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, rabi girmamawa rabi ba'a.

Da wari ciwon ya fara. Yana tsakar ban ruwa sai ya tsaya cak, ya ce ana ƙona gashi a kusa. Mu shaƙa, mu shaƙa, ba komai sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga baya ya koma gaishe da mutane a bakin rijiya inda babu kowa, har ya matsa gefe ya ba su hanya. Ladabin da yake yi musu shi ya fi tayar mini da tsigar jiki. Aka ce iskoki ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a cikin fangali muka kai shi Yamai, hoto ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, girman ƙwan zabo.

Kafin a yi masa aiki, wani matashin likita ya zo mini da takarda. Ya ce suna son ajiye ɗan guntu daga abin da za a cire, don su binciki abin da ke hana irin wannan tsiro daina girma. Hamidu ba ya gane kowa a lokacin, ni ne mai karatu. A tsaye na sa hannu, ban shawarci kowa ba.

To a wurinmu ko yatsa injin niƙa ya datse wa mutum, a farin ƙyalle ake naɗe shi, a haƙa rami a rufe. Ba a barin naman ɗan Adam a sarari. Da muka dawo, matarsa Rakiya ta tare ni tun a zaure.

"Mushe, abin da anka hiddo mishi ga kai, an bizne shi?"

"An bizne," na ce.

Bayan wata huɗu Hamidu ya rasu. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai ya yi zurfi, amma na iske ƙarshensa.

Bana likitan nan, har ya fara furfura, ya ratso ta Konni ya neme ni a makaranta. Muka zauna a inuwar darbejiya, ya ce guntun yana nan, kuma da ransa. A cikin sanyi mai tsanani suke ajiye shi, in sun ɗumama shi ƙwayoyin su farka su ci gaba da rabuwa. Ya ce kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutu da ke gaya mata lokacin girma da lokacin tsayawa. A na Hamidu wani wuri ya lalace, umarnin tsayawa ya ɓace, wurin suke nema har yau. Ya nuna mini a wayarsa. Wasu abubuwa ne toka-toka, suna miƙa siraran ƙafafu, suna rarrafe a hankali. Rana tsaka ce ta bazara, amma sanyi na ji har cikin ƙashi. Mai su ya zama ƙasa, su kuwa ba wanda ya gaya musu.

Abin da ya kawo shi, suna son aika wani kaso na guntun ga abokan aikinsu a wata ƙasa, sai da yardar iyali. In mun ƙi, su kashe shi su ba mu mu binne.

Na yi kwanaki ina tunanin abin da Hamidu zai ce. Ina jin sai ya fara dariya, shi da bai taɓa wuce Yamai ba a ce wani sashensa zai hau jirgi. Daga nan ya ɗaure fuska ya tambaye ni wa ya ba ni izini. Mamaci ba a shawara da shi, saura Rakiya, ita kuma ba damar tambayarta sai na fara tona wa kaina asiri.

Na iske ta tana tsintar wake. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta ajiye faifan waken.

"Shekara tara ina yi mishi addu'a," ta ce, "ina tsammanin cikakke shi ke kwance."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ta ce in nuna mata, don likitan ya turo mini hoton. Sau biyu ta kalla, ba ta kau da kai ba.

"Wanga ba yayanka ba na. Abin da yak kashe shi na. Su riƙe shi, su matsa mishi har shi hwaɗi yadda yay yi, kada shi shiga gidan wani."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da farin ƙyalle wanda bai fi tafin hannu ba, ta miƙo mini.

"Amma namanai yac ci yag girma. Ran da sunka ƙare, a maido shi. In na mutu kahin nan, kai ka biznewa. Wanga karon da gaske."

Yau rijiyar lambun ta rufta, irin albasarsa ya cakuɗe da na maƙwabta, masu tuna gardamarsa kullum raguwa suke. Abin da ya rage nasa mai motsi shi ne abin da ya kashe shi, kuma har yanzu na kasa sanin ko in gode ko in ji tsoro. Ko likitocin za su gano abin da suke nema, Allah masani. In sun gano, wani mai lambu zai ji warin da babu, a kai shi asibiti, ya dawo gida da ƙafarsa. Allah Ya sa hakan ya zama sadaka ga Hamidu, Ya yafe mini nawa.

Na sake sa hannu, a zaune, Rakiya na kallo. Duk sanda na je ziyarar kabarin, akwai wani ɗan wuri wajen kai da nake cire wa ciyawa, kada ya toshe kafin a kawo saura.